Kuɗin Goro a Gonar Baffa

A zuriyarmu ni ne mai Turanci. Haka aka san ni tun ina sakandare, kuma ban taɓa ƙoƙarin rage wa kowa wannan zato ba, don yana yi mini daɗi. Babanmu ya bar Utai da ƙuruciya ya kama aikin ƙaramar hukuma a Wudil. A nan aka haife ni, a nan na girma har na zama malamin Turanci a wata sakandare. Ƙaninsa, wato Baffa, shi ya zauna a gida ya riƙe gonaki. Duk takardar da ta shiga gidan Baffa, ta asibiti ce ko ta rabon taki, sai a soke ta a jikin azara har ranar da zan je. In na je a shimfiɗa mini tabarma, a dama fura, in gyara murya in karanta, mata suna leƙe ta bayan zana.

Baffa yana da ɗa wanda na girma da shekara biyu. A aji uku ya ajiye boko ya tafi ci-rani kudu. Ya yi dako, ya yi acaɓa, daga baya ya koyi gyaran injin ban-ruwa da janareta. Da ya dawo sai ya kafa rumfa a bakin titi kusa da gada, kuma tun daga lokacin ban ƙara ganin faratansa da haske ba. Yaya Malam yake ce mini. Yana da nasa Turancin, irin na tasha, wanda ba shi da jiya ba shi da gobe, komai yau ake yinsa. In ya tafi nakan kwaikwaye shi matata ta yi ta dariya har ta riƙe ciki. Ina son sa, ba ƙarya, amma irin son da ake yi wa wanda aka tabbata ba zai taɓa wuce ka ba.

Wani dogon hutu, ana tsakiyar damina, shugaban makarantarmu ya kira ni. Ya ce wata dakta ce ta zo daga kudu tana bincike kan noma, ba ta jin Hausa sai gaisuwa, tana neman tafinta da zai riƙa bin ta ƙauyuka. Za a gwada mutum mako biyu. In ya yi, shi za a riƙe har damina uku, kuma sunansa zai fito a cikin rahoton da za a buga. Ya ce sunana ya bayar.

Ba zan ɓoye ba, sunan nan a cikin littafi shi ya tafi da ni, sai kuma farar motar aikin mai lamba a ƙofa. Na hango kaina a gidan gaba, gwiwar hannu a taga, muna ƙetare gada ranar kasuwa, kowa yana tambayar wane ne wancan. A ranar na kai wa tela sabon yadi, na ce ya ajiye duk aikin da ke gabansa.

Abin da ya kawo ta ba shi da wuyar faɗa. An raba wa manoma wani sabon irin dawa, gajera, mai saurin nuna, mai manyan zangarniya. Da yawa sun shuka sau ɗaya sun watsar. Ita tana son ta ji dalili daga bakinsu. Ni kuwa tun kafin mu shiga mota na riga na san dalili, ko dai haka nake gani.

A Kausani muka fara. Aka tara dattawa a gindin bishiya, aka yi gaisuwa mai tsawo, ina gajiya, ina ruwa, ya iyali, ya aka ji da hanya. Da ta jefa tambayarta, wani tsoho mai jan gemu ya ɗauki magana. Ya faro daga yabon irin, ya gangaro kan tsuntsaye, ya koma kan dangar gidansa da iska ta kayar, ya shigo da zancen shanunsa, har matarsa sai da ta fito a ciki. Ni a raina na ce, ka ji halin tsofaffin ƙauye, ka tambaye su gabas su kai ka yamma. Da ya gama na juya na ce mata, ya ce sun fi son irin da suka gada.

Ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce tsohon ya daɗe yana magana. Na ce sauran duk hira ce, na tace mata ne na ba ta abin da zai yi amfani.

A hanyar dawowa na buɗe mata aji a cikin mota. Na ce manominmu ba ya son canji, haka suke duka, abin da ya tarar ubansa yana yi shi zai yi har ya koma ga Allah. Na zaɓo manyan kalmomi, irin waɗanda nake ajiyewa don ranar da mai duba makarantu zai zo. Tana rubutawa, ni kuma ina hura hanci. Kwana uku muka yi a haka, ƙauye bayan ƙauye, kowane manomi ya zuba maganarsa, ni in matse ta ta koma abu guda.

Rana ta huɗu muka je Utai, kuma ni na ba da shawarar a fara da gonar Baffa. So nake a gan ni. Aka kuwa gan ni, don har mata sun fito ƙofar gida da motar ta tsaya. Muka taka zuwa gona, sabon takalmina yana nutsewa a taɓo. A can muka tarar da Baffa, da ɗan nasa, wanda ya rufe rumfa ya zo taya shi maimai. Yana sanye da wata yagaggiyar riga, fartanya a kafaɗa. Ya gaishe ni har da rusunawa, na amsa da ka.

Dakta ta yi tambayarta, na juya wa Baffa. Ya jingina da fartanya ya ce, “Ai iri ne mai kyau, Alhamdulillahi. Waɗanda suka kawo, Allah ya saka musu da alheri. Ba mu da abin cewa sai godiya.”

Na faɗa mata, na ƙara da cewa, kin ga abin da nake gaya miki, ya yarda irin yana da kyau amma ba zai shuka ba.

Sai na ji an yi gyaran murya a bayana.

“Yaya Malam, ko in ɗan sa baki?”

Na so in ce a’a. Amma Baffa yana tsaye, ita ma ta riga ta juya tana kallonsa, sai na ɗaga masa hannu irin na ka yi sauri. Bai tambayi Baffa komai game da gonarsa ba. Cewa ya yi, “Baba, shi maƙwabcinmu na gabas, da ya shuka waccan shekarar, me ya sa bai ƙara ba?”

Baffa ya yi murmushi ya gyara tsayuwa. “Wo, shi ai ya sha wuya, bawan Allah. Tasa ta riga ta kowa nuna, duk tsuntsun garin nan a gonarsa ya tare. Ya yi gwangwani, ya yi majajjawa, ya yi ihu har muryarsa ta dushe. Da aka yi girbi kuma ina kara? Abin da bai wuce ƙugu ba. Da me zai yi danga, da me mata za su hura wuta, me zai zuba wa shanu da rani? Sannan iyalinsa suka ce tuwonta ba ya kwana. Ka ajiye don ɗumame, da safe ka tarar ya saki ruwa.”

Na san gidan nan na gabas. Babu kowa a cikinsa sai wata tsohuwa da ba ta noma. Labarin kansa Baffa yake bayarwa. A wurinsu ba a kushe kyauta a gaban wanda ya kawo ta, ko wanda ake zaton ɗan aikensa ne, amma in ka ara wa mutum maƙwabci sai ya sauke maka komai a kansa. Na san haka. Na girma ina ji ana yi. Ban dai taɓa ɗaukar sa wani abin da zai shiga littafin dakta ba.

Sai ɗan Baffa ya juya gare ta da Turancin nan nasa da nake kwaikwaya. Na ji kunya ta kama ni tun daga kalmar farko. Ita kuwa ko a jikinta. Inda kalma ta ƙare masa sai ya sa hannu. Ya kama karan dawar Baffa ya nuna mata yadda ya wuce kansa, ya sauke tafin hannu zuwa ƙugu ya nuna na sabuwar. Ya kaɗa hannuwa ya yi kukan tsuntsu, ta yi dariya. Ya ja mu zuwa gida ya dafa danga, ya nuna murhu, ya nuna turken shanu. Har cikin madafa ya leƙa ya sa aka fito da ragowar tuwon jiya a ƙwarya don ta ga yadda ya tsaya da ƙarfinsa. Ta yi ta rubutu tana juya shafi. A kwana ukun da ta yi da ni ban ga ta juya shafi sau biyu a zama ɗaya ba.

Da muka koma wajen mota ta tambaye ni a hankali, tsohon nan na Kausani, ya yi maganar tsuntsaye da kara? Na ce ya ɗan taɓo. Ta gyaɗa kai. Sannan ta sa ni, ni da bakina, in tambayi ɗan Baffa ko zai samu sarari ya biyo mu gobe.

Daga ranar abin ya lalace mini. Ina nan dai a gidan gaba, gwiwar hannu a taga, amma duk hirar a baya ake yin ta. Ya wanke rigarsa ta Juma’a ya sa, baƙin mai yana nan a faratansa, ita kuma tana ta jero masa tambayoyi. In mun isa gari ni nake fassara gaisuwa. Da an gama ina gajiya sai a juya wajensa. Ya san wa zai tambaya game da gonar wa, ya san lokacin da za a yi shiru a bar tsoho ya gama tauna goronsa. Rabin mutanen ma ya taɓa gyara musu inji. Wani lokaci in kalma ta ƙi zuwa ya waiwayo ya ce, “Yaya Malam, yaya ake ce wa rumbu?” In faɗa masa a daƙile, ya yi godiya, ya ci gaba da abinsa.

Hassada ce, ba ni da wani suna mai laushi da zan ba ta. Na yi ƙoƙarin kiran ta kishin aiki, na ce ina tsoron kada a ɓata wa baƙuwa bincike da gurɓataccen Turanci, amma ko ni ban yarda da kaina ba. Abinci ya daina yi mini daɗi. In ya faɗi abu ta yi dariya sai in kau da kai in kalli taga. Na fara ƙirga kurakuransa a zuci, kamar mai duba jarrabawa, ina jan layi a ƙarƙashin kowace jimla, ba wanda ya tambaye ni maki. Shekara nawa na yi ina haddar ƙa’idoji a ƙarƙashin fitila, shi kuma ya tsinci nasa a tasha tsakanin lodi da sauke kaya, yau ga shi nasa ake so. Matata ta ce in kwaikwayo mata Turancinsa na ranar mu sha dariya, na daka mata tsawar da ta sa ta kwana biyu ba ta yi mini doguwar magana ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne bai san muna takara ba. Kullum da safe shi zai buɗe mini ƙofar mota. Da ya yi mini ɗagawa ko sau ɗaya ne, da na samu abin riƙewa.

Ranar da mako biyun suka cika, bayan la’asar, na sa sabon kaftanina na tafi ofishin da aka ba ta aro. Na tarar da ita ita kaɗai tana jera takardu. Na zauna, na yi doguwar shimfiɗa, na ce na zo ne a matsayin mai son aikinta da alheri. Na ce yaron yana da ƙoƙari, yaro fa na ce, mutumin da ke da ’ya’ya uku. Amma ta sani, masu gyaran nan na bakin titi ba su san alkawari ba. Su ce maka gobe, ka yi mako kana sintiri. Ba sa aiki da agogo. Kuma ’yan ci-rani ba a ɗora musu dogon aiki, da an yi kaka ƙafarsu take fara ƙaiƙayi, ka wayi gari a ce sun bi mota. Na ce haka suke duka.

Ta ajiye takardun. Ta ce, shi, ya taɓa saɓa maka alkawari?

Sai na tuna. Ranar da naƙuda ta kama matata, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, shi ya aro mota ya iso kafin in gama neman takalmina. Janaretana bai taɓa kwana biyu a rumfarsa ba. A kwana goman da ya bi mu, kullum shi muke tararwa a bakin gada yana jira. Na ce, to, shi dai bai taɓa ba, amma.

Ta ce, “Malam, kai ne malamin Turanci. Ka san sunan abin da ka yi yanzu. Stereotype.”

Na san kalmar mana. Kowace shekara ina koyar da ita. Nakan rubuta ta a allo in ce wa ɗalibai, ita ce ka ɗauki jama’a guda ka yanke musu hoto ɗaya, ƙarami, mai sauƙin ɗauka, sannan duk wanda ka gamu da shi daga cikinsu ka manna masa ba tare da ka dube shi ba. In sun yi tsuru-tsuru sai in ce, kuɗin goro, nan take su gane. Misalaina ma a shirye suke. Yadda a wasu garuruwan kudu ake ɗaukar kowane Bahaushe mai gadi ne ko mai shayi. Yadda ɗan birni yake ganin duk wanda ya ce daga Wudil yake, to kifi ya zo sayarwa. Nakan faɗe su da zafi, ɗalibai su yi ta tsaki suna taya ni. A duk shekarun nan ban taɓa kawo misali ɗaya da mu ne masu yi ba, balle ni.

Ina zaune a kujerar nan na ga sau biyu na yi abin, kuma ba iri ɗaya ba ne. Na manoma, na yarda da shi. Lalaci ne da raini, na riga na rufe kunnena kafin su buɗe baki. Amma na ɗan Baffa ko kaɗan ban yarda da shi ba. Na san mutumin ciki da bai. Na nemi aibinsa na rasa, sai na ɗauko na masu sana’arsa, wanda ke yashe a bakin kowa, na yafa masa. Maganar ba ta bukatar hujja, shi ya sa na zaɓe ta, don duk wanda ya taɓa kai gyara zai gyaɗa kai. Wannan amfanin kalmar ba ya cikin ƙamus ɗin da nake koyarwa da shi.

Ba ta ci mini mutunci ba, kuma na so a ce ta yi. Ta gode mini da mako biyun. Ta ce ta yi niyyar ta riƙe mu duka, shi a gona, ni a kan takardu, amma yanzu ba ta ga yadda za ta karanta fassarata hankalinta a kwance ba. Za ta ci gaba da shi, takardu kuma ɗalibanta su yi. Na fito. Da na iso gada na ƙi bin gefen rumfarsa, na tsallaka titi na bi ta wajen masu kifi.

Ban gaya wa kowa ba. A gida na ce makaranta ce ba za ta bar ni ba in an koma hutu. Kuma kada a zaci hassadar ta mutu a ofishin nan. Kunya ce kawai ta hau kanta ta zauna. Washegari da na hango farar motar ta wuce da ɗan Baffa a gidan gaba, sai da na ji kamar an tsinka mini mari.

Ranar Juma’a bayan an sauko daga masallaci, ina gidan Babanmu muna zaune a zaure, sai ga sallamar Baffa. Ɗansa yana biye da shi, riƙe da zabi biyu an ɗaure musu ƙafa. Na ce shi ke nan, ta faɗa masa, an zo a tsire ni gaban mahaifina. Aka gaisa, aka sake gaisawa, ni ina ta kallon tabarma.

Sai ɗan Baffa ya matso ya ajiye zabin a gabana, ya durƙusa.

“Baba,” ya ce wa Babanmu, “godiya muka zo yi wa Yaya Malam. Dakta ta ce min ta ɗauke ni har damina uku. Na ce mata ni da ban yi boko ba, ga yayana. Sai ta ce ai yayanka da ƙafarsa ya zo har ofis ya yi min maganarka, kuma abin da ya faɗa ne ya sa na yanke shawara. Wallahi Baba ban san ya je ba. Ko a fuska bai nuna min ba.”

Babanmu ya dube ni da wani irin kallo da ban taɓa samu daga gare shi ba, ko ranar da na kawo takardar digiri. Har yau ban sani ba ko rufa mini asiri ta yi ko hukunci. Ba ta dai yi ƙarya ko ta kalma ɗaya ba.

Baffa ya gyara zama ya ɗaga hannuwa, duk muka ɗaga. Ya yi wa iyaye addu’a, ya yi wa zumunci, ya roƙi damina mai albarka. Sannan ya juyo ya fuskance ni, idonsa ya kawo ruwa.

“Kai kuma, yadda ka tsaya wa ƙaninka a bayan idonsa, Allah ya ba ka wanda zai tsaya maka haka a bayan naka.”

Babanmu ya ce amin. Ɗan Baffa ya ce amin da ƙarfi. Suka bar hannuwa a sama, suna jiran tawa.

Na ce amin.